Zancen wata: Kamfanin uraniyom da hanyar Tawa zuwa Arlit



Duk mutumen Affala da ya taɓa cin kasuwar Tawa ran Lahadi ya san hanyar kwaltar nan da ta fita gari ta nufi Tabalak. Daga Tabalak sai Abalak, sai Agadas, sai Arlit. Tsawonta ya fi kilometir 600. Sunanta hanyar uraniyom. Shekara da shekaru manyan kamyo sunka yi ta bin ta. Masu hawa arewa suna ɗauke da mai, da farar wuta, da ƙarafa. Masu gangarowa suna ɗauke da tano rufe ruf, da soja na rakiya. Yara na ɗaga musu hannu. Makiyaya na kore bisashe daga bakin hanya. Amma kaɗan ne sunka san mi ke cikin tanon, wa ke da shi, kuma mi ya bari a baya.

Zancen watan ga ke nan. Zance ne na kamfani guda, mai suna uku. A 1976 ana ce da shi Cogema. A 2001 ya koma Areva. A 2018 ya koma Orano. Kamfanin gomnatin Faransa ne. Suna ya canza, maigida bai canza ba.

Uraniyom wani ƙarfe ne da ke ɓoye cikin dutse. Ba a ƙera garma da shi, ba a ƙera wuƙa. Amfaninsa zafi ne. In an gyara shi an sa cikin wata babbar tasha, yana ba da zafin da ke tafasa ruwa, tururin ruwan ya juya inji, injin ya ba da wutar lantarki. Wajen kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga irin tashoshin ga take fitowa. Da shi kuma ake yin bam ɗin nan mai hallaka gari guda.

Turawan Faransa sunka fara ganin alamarsa a Azelik, wajen Ingal, a 1957. Jan ƙarfe suke nema, sai sunka faɗa kan abin da ya fi shi. A 1968 anka kafa kamfanin Somaïr, ya fara fid da uraniyom a Arlit a 1971. Ramin Somaïr buɗe yake, kamar babban tafki da ya ƙafe. A 1974 anka kafa na biyu, Cominak, ya fara aiki a 1978 a Akuta, kusa da Akokan. Shi kuma ƙarƙashin ƙasa ake shiga, zurfin metir 250. Kafin watan Yuni 2025, a cikin Somaïr, kamfanin Faransa na da kashi 63 da ɗoriya cikin 100, gomnatin Nijar na da saura. A cikin Cominak, lokacin da yake haƙa, akwai hannun Japan da na Ispaniya, amma ragamar aiki tana hannun Faransawa.

Dutsen da ake haƙowa, uraniyom kaɗan ne cikinsa. Ton guda, wato kilo 1000, ba ya ba da abin da ya wuce kilo biyu zuwa biyar. Sai a niƙe dutsen, a jiƙa shi da ruwan guba da ake yi da farar wuta, a tace. Abin da ya fito wani gari ne rawaya. Shi ne ke cikin tanon. Har zuwa 2023 yana ratsa Tawa, ya bi Dogon Dutsi da Doso da Gaya, ya shiga Benin, ya kai Kwatano, ya hau jirgin ruwa sai Faransa. Sauran dutsen, wanda shi ne kusan duka, yana nan Arlit a tare. A riƙe wanga zance, za a komo kansa.

Kowa aka ce a faɗi halinsa, sai a fara da alherinsa. Kamfanin ya yi abubuwa. Inda babu gari ya gina gari. Ya gina gidaje da lakwal. Ya gina asibiti biyu, guda a Arlit, guda a Akokan, inda ma'aikata da iyalinsu ke samun magani kyauta, har mutanen gari ma na zuwa. Albashin ma'aikacin rami ya fi na ma'aikacin gomnati da yawa. Adar ƙasar ƴan biɗa ce. Kamar yadda samari ke tafiya Abijan da Kamaru da Libiya, haka wasu sunka hau arewa zuwa Arlit, wani leburan rami, wani direba, wani mahauci, wani mai tebur. Kuɗɗin Arlit sun sayi hatsi a shekarun yunwa. Sun yi aure, sun yi suna, sun mai da garken da fari ya kashe. Wanda ya ci wanga arziki ba ya son a zagi kamfanin gabansa, kuma yana da hujja.

Gomnati ma ta samu. Daga 1975 zuwa 1980 uraniyom ya yi tsada, kuɗɗi sunka shigo baitulmali. Zamanin Seyni Kunce ne. A lokacin anka ɗauke wa talaka harajin kai, anka gina manyan benaye a Yamai. A lokacin kuma anka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit da kuɗɗin kamfanonin ma'adinai, anka gama ta wajen 1980. Kafin nan, zuwa Agadas daga Tawa wahala ce ta kwanaki cikin rairayi. Albasar Adar da bisashen Azawak duk sun ci moriyar kwaltar ga. Daga 1981 farashi ya faɗi, daɗin ya ragu.

To, ga ɗaya gefen.

Manomi ya san ciwon sai da amfanin gona ga mai saye guda. Shi ke da ma'auni, shi ke yanka farashi. Haka uraniyom ɗin Nijar ya zamna shekaru masu yawa. Mai haƙa shi ne mai saye. A farkon 1974, ana tsakiyar babban fari, shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara farashi, don man fetur ya yi tsada a duniya, darajar uraniyom ta hau. Ana cikin ciniki da Faransa soja sunka kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974. A 2007, zamanin Tanja Mamadu, ana sayen kilo guda sefa 27.300. Gomnati ta tsaya tsayin daka, farashi ya koma sefa 40.000. A 2008 ya kai sefa 55.000. Cikin shekara guda ya ninka. Mai hankali sai ya tambaya: ashe da can akwai sarari?

A 2013 ƙungiyar Oxfam da ƙungiyar ROTAB ta Nijar sunka yi lissafi. Sunka ce daga fara aiki zuwa 2010 an fid da uraniyom na sefa miliyar 2300, abin da ya shiga baitulmalin Nijar bai wuce miliyar 300 ba. Kashi 13 cikin 100 ke nan. Kamfanin ya musanta. Ya ce a fara cire kuɗɗin aiki, na inji da albashi da mai, sa'an nan a duba riba, kuma mafi yawan ribar gomnati ke ɗauka. Kowa da irin lissafinsa. Amma littafin kuɗɗin aikin yana hannun kamfani, ba hannun talaka ba. Wanda ya ba da gonarsa noma a raba, in ba ya nan ran ɗaurin damma, abin da aka ce masa shi zai karɓa.

Ga wani abin da ba ya bukatar lissafi. An kafa kamfanin Sonichar, yana haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, ya fara ba da wuta a 1981. Mafi yawan wutar ramukan uraniyom ta tafi. A shekarar 2022 kashi ɗaya cikin huɗu na uraniyom ɗin da ƙasashen Tarayyar Turai sunka saya daga Nijar ya fito. A wannan shekarar, cikin mutum biyar na Nijar, wajen guda ne ke da wuta a gida, kuma yawancinsu ƴan birni ne. A ƙauye, ɗan lakwal da tocila yake karatu.

Amma kuɗɗi ba su ne babban zance ba. Babban zance lafiya ce.

Dutsen uraniyom yana fid da wani irin tururi. Ido ba ya ganinsa. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya ƙuna a hannu. Sai da na'ura ake gane shi. Yana ratsa fata. Ƙurar dutsen, in an shaƙe ta, tana zamnawa cikin huhu tana ci a hankali. Akwai kuma wata iska mai suna radon da ke fita daga dutsen, tana taruwa cikin rami da cikin ɗaki rufe. Likitocin duniya sun tabbatar radon na kawo ciwon dajin huhu. Mugun halin wanga ciwo shi ne jinkiri. Mutum na iya barin aiki lafiya lau, ya komo ƙauye, ya yi shekara goma ko ashirin, sa'an nan tari ya tashi. A ƙauye sai a ce sanyi ne, ko sammu. Ba mai tuna Arlit.

Tsofaffin ma'aikata sun ba da shaida cewa a shekarun farko ba wanda ya gaya musu wanga abu. Sun ce suna aiki cikin ƙura ba abin rufe hanci. Suna cin abinci bakin rami. Suna komawa gida da kayan aiki, mata na wankewa da hannu, yara na wasa kusa. Sun ce sai bayan 1986, da wata tashar nukiliya ta fashe a Carnobil ta ƙasar Sobiyet, hankali ya fara tashi.

Wanda ya fara ɗaga murya ma'aikacin Somaïr ne, Almustafa Alhasan. Ya ga abokan aikinsa na mutuwa da ciwon da ba a faɗin sunansa. A farkon shekarun 2000 shi da wasu sunka kafa ƙungiya mai suna Aghirin'man. Da Buzanci ma'anarta garkuwar rai. Sunka rubuta takarda zuwa Faransa, sunka gayyato masu awo na wata ƙungiya mai zaman kanta, CRIIRAD, da lauyoyin ƙungiyar Sherpa. Baƙin sunka sauka Yamai a watan Disamba 2003. A filin jirgi anka karɓe manyan na'urorinsu. Da ƴar ƙarama sunka isa Arlit, ita ma ta isa.

A kasuwar Arlit sunka tarar da tsofaffin ƙarafan masana'anta, bututu da farantai, masu ɗauke da tururi, ana sai da su. Maƙera na saye. Mutane na rufin ɗaki da su, suna yin ƙofa da kayan girki. Sunka auna ruwan da mutane ke sha, sunka tarar ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka. A 2007 anka gano duwatsun rami cikin titin Akokan, dab da asibitin Cominak. Da su anka yi cikon hanya. Kamfanin ya ce ya kwashe, ya ce gari ya tsarkaka.

A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta sake awo. A wani titin Akokan na'ura ta nuna tururi ya ninka na sauran wurare har sau 500. Cikin ruwa biyar da sunka ɗiba, huɗu sun wuce iyaka. Kamfanin ya komo ya kwashe ƙasar wurin, ya bi tituna da na'ura. Ya rufe wasu rijiyoyi, ya karɓo wasu ƙarafa. Maganarsa kullum ita ce yana bin doka, kuma tururin da ke kai ga jama'a bai wuce ƙa'ida ba. Abin lura a nan guda ne. Kowace shara, sai da wani na waje ya zo ya nuna dattin tukuna anka ɗauki tsintsiya.

A 2008, a garin Dabos na ƙasar Suwis, wasu ƙungiyoyi masu ba da lambar kunya ga kamfanin da ya fi muni a shekara sunka ba Areva ita, saboda Arlit.

Zancen asibiti kuma yana da ƙaiƙayi. Magani kyauta ne, gaskiya. Amma likitan, kamfani ke biyansa albashi. In ya rubuta cewa aiki ne ya kawo ciwo, maigidansa zai biya diyya. Shekaru wajen 40 sunka wuce, asibitocin ba su rubuta ciwon tururi ga ma'aikaci ɗan ƙasa ba. A 2009 kamfanin ya yi yarjejeniya da Sherpa, za a riƙa duba tsofaffin ma'aikata. Anka buɗe ofishin duba lafiya na jihar Agadas a ƙarshen 2011. A watan Disamba 2012 Sherpa ta janye hannunta. Ta ce abin ya koma talla, iyalin Faransawa biyu kaɗai anka biya, ba a biya ɗan Afirka ko guda ba.

Ko Bafaranshe ma bai sha da daɗi ba. Wani da ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985 ya mutu da ciwon dajin huhu a 2009. Iyalinsa sunka kai ƙara. A 2012 gidan shari'a na garin Melun ya ce Areva na da laifi. A 2013 gidan shari'a na sama a Paris ya soke hukuncin. Dalili? Wai ba Areva ta ɗauke shi aiki ba, Cominak ce, ita kuwa Cominak kamfanin Nijar ne. A duba da kyau. Ran ɗaukar uraniyom, uwa da ɗiya gida guda ne. Ran biyan diyya, kowa da ƙofarsa. In mai lauya a Paris ya faɗi haka, ina ga leburan da ya komo Affala ko Barmu ko Kalfu, ba ko takardar shaidar aiki a aljihu?

Ba Nijar kaɗai ba ce. A garin Munana na ƙasar Gabon wanga kamfani ya haƙi uraniyom har 1999. Bayan ya tashi anka gano an gina gidaje da ƙasar rami. Gidaje fiye da 100 sai da anka sake su.

Makiyaya, ga naku. A Arlit ba a ruwan sama sai kaɗan. Ruwan da ake ja daga ƙasa tsohon ruwa ne, ya taru tun dubban shekaru, in an ɗiba ba ya komowa. Cikin shekara 40 ramukan biyu da garuruwansu sun sha lita miliyar 270. In an zuba a tano mai lita 200, tano ya fi miliyar guda. Buzayen da ke kiwo wajen tun kafin a kafa gari sun ga makiyaya ta ragu, ƙura ta rufe ciyawa. Masu hawa da bisashe Ingal da damana don lasar gishiri su ma sun ga wani rami a Azelik. Wancan na kamfanin Somina ne, mai hannun ƴan Sin. Ya fara wajen 2011, ya tsaya bayan ƴan shekaru. Bisa ba ta san shinge ba, ba ta san ruwan da ya fito daga masana'anta ba. In ta ga ruwa kwance sha take yi.

Ita hanyar kanta fa? An shirya kamfanonin su riƙa ba da kashi ɗaya cikin 100 na cinikinsu don gyaranta. Duk da haka, a shekarun 2010 kwaltar ta mutu. Tsakanin Abalak da Agadas, da tsakanin Agadas da Arlit, direbobi sunka koma bin gefe cikin rairayi. Motoci sun kife, mutane sun mutu, masu ciwo sun cika bisa hanya. Ran 26 ga Mayu 2014, bayan ciniki na wata da watanni da zanga-zanga a Yamai, gomnatin Mahamadu Isufu da Areva sunka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya. Kamfanin ya yarda da dokar ma'adinai ta 2006, wadda ke iya kai kason gomnati daga 5 da rabi zuwa 12 cikin 100. Ya yi alkawarin sefa miliyar 59 don hanyar Tawa zuwa Arlit, da miliyar 11 don noma a kwarin Irhazer. Miliyar 59 kuɗɗi ne. In an ce buhun hatsi jika 25, sun sayi buhu fiye da miliyan biyu. Amma ba su isa sabunta kilometir 600 ba. Ita dokar 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na harajin ma'adinai a mai da shi ga kominonin jihar da anka haƙa. Jihar Agadas ke nan. Tawa hanya ce kurum, kason uraniyom bai biyo ta nan ba.

Hanya kuma na da nata haɗari. A 2004 wani kamyo ɗauke da garin uraniyom ya yi haɗari a jihar Doso, garin ya zube bisa hanya. Kowa ya san yadda mutane ke rugawa in babbar mota ta faɗi, kowa na neman abin tsinta.

Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe. Uraniyom ɗin ramin ya ƙare. Cikin shekara 43 ya fid da ton dubu 75. Ma'aikatansa wajen 600 sunka samu kuɗɗin sallama. Akwai wasu ɗaruruwa da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. Rami guda suke shiga, ƙura guda suke shaƙa, amma sunansu ba ya cikin littafin kamfani. Su ba su samu irin wagga sallama ba.

Yanzu a komo ga sauran dutsen da anka ce a riƙe. A Akuta kaɗai ya kai ton miliyan 20. In kamyo na ɗaukar ton 30, sai an yi lodi fiye da dubu 600. Tarin ya rufe eka 120, eka guda kuwa metir 100 ne tsawo, 100 faɗi. Tsayinsa a wani wuri ya kai metir 35. An cire uraniyom, amma mafi yawan tururin yana nan cikin dusar. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ciki, mai suna radiyom, sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shekara 40 da ɗoriya tarin na shan iskar hunturu a fili. Kamfanin ya ce zai rufe shi da yumɓu da dutse kaurin metir biyu, aikin sefa miliyar 95, na shekara goma, sa'an nan a yi gadi ƴan shekaru. Ƴan shekaru, ga abin da ke lissafi da dubbai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 zumunci ya ɓaci tsakanin Yamai da Paris. Iyakar Benin ta rufe, tanon ya daina zuwa Kwatano. A watan Yuni 2024 gomnati ta karɓe izinin Imuraren, babban wurin da anka ba kamfanin a 2009, anka aza dutsen farko, amma bai fid da ko kilo guda ba. A watan Disamba 2024 Orano ya ce Somaïr ya fita hannunsa. Ran 19 ga Yuni 2025 gomnati ta ce ta mai da Somaïr na ƙasa. Kamfanin ya kai ƙara gaban masu sasanci na duniya. Wagga shari'a ta manya ce. Amma ƙura ba ta duba tutar mai rami. Ko wa ke riƙe da shi, tambayoyin ba su canza ba: wa ke awon ruwa, wa ke biyan likita, wa zai tsare tarin Akuta, wa zai nemo tsofaffin ma'aikatan da sunka watsu cikin ƙauyukan Adar?

Kafin a samu amsa, akwai abin da kowa ke iya yi a gidansa. Wanda ya taɓa aiki a Arlit ko Akokan, ko ƙarƙashin ɗan kwangila ne, ya nemo duk takardar da ke gare shi, ta albashi, ta shaidar aiki, katin asusun ma'aikata, ya sa cikin leda ya ɓoye. In tari ya ƙi ƙarewa, ko numfashi ya yi nauyi, ko jiki na ramewa, ya tafi likita. Ya gaya wa likita da bakinsa: na yi aikin rami, shekara kaza, wuri kaza. Ya roƙi a rubuta. Ba kowane tari ne na uraniyom ba, tarin fuka ma yana nan, kuma yana da magani. Awo ne ke rabewa. Tsohon ƙarfe ko tano ko bututu da anka ce daga Arlit ya fito, kada a yi tukunya da shi, kada a yi kwamin shayar da bisashe, kada a zuba ruwan sha, komi arharsa. Wanki ba ya fid da abin da ke jikinsa. In babbar mota mai rakiyar soja ta faɗi, a nisanta, a kore yara da bisashe, a bi gefen da iska ke fitowa.

Abin da ya sa zancen ga ya shafi Affala kai tsaye yana nan kusa. A Salkadamna, cikin ƙasar Takanamat, akwai gawayin ƙasa mai yawa. A watan Yuni 2014 shugaban ƙasa ya aza dutsen farko na rami da tashar wuta. Shekara goma bayan haka ba a gina tashar ba, amma gawayin yana nan, kuma ba a bar zancen ba. Gawayi ba uraniyom ba ne, ba shi da irin wancan tururi. Amma yana da ƙura da hayaƙi da toka, yana shan ruwa, yana cin fili. Arlit daji ne anka tarar. Nan kuwa gonaki ne da burtali da rijiyoyi da makiyaya.

Duk ran da masu farar mota sunka zo da taswira, ko na wace ƙasa ne, ko na gida ne, akwai tambayoyin da mutanen Arlit ba su samu zarafin yi ba a 1968. Daga wace rijiya za a ja ruwa, lita nawa a yini? Ina za a zuba toka, kuma wa zai tsare ta bayan an tashi? Wa zai auna ruwa da iska tun kafin a fara, don a san yadda suke a da? Leburan ɗan kwangila, wa ke da alhakinsa? Amsar baki ba ta isa ba. A rubuta, da Hausa, a karanta gaban jama'a, hakimi ya aje kofi, magajin gari ya aje kofi. Kada kowa ya dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta masa ba. In ba mai karatu kusa, a kira ɗalibin yaƙi da jahilci na gari.

Doka ma ta ba da abin riƙo. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitin ƙasa, wanda ake ce wa Kofo, a ƙauye da komin da departama. Dokar makiyaya ta 2010 ta ce in an karɓe wurin kiwon da mutane sunka zamna kansa don haƙar ma'adinai, sai an biya su diyya. Amma diyya na bin shaida. Mai gonar gado yana iya zuwa wurin hakimin garinsu da maƙwabtan gonarsa, Kofo ta ba shi takardar shaida. Burtali da tafki da rijiyar makiyaya su ma ana sa su cikin littafin Kofo na komin. Rani ne lokacin wanga aiki, sa'ad da iyakar gona ke fili, shaidu kuma ba su shiga noma ba.